Soket ɗin da aka ce zai kare min amfilifaya, shi ya bari ta ƙone

Raina a ɓace yake, kuma ba zan yi shiru ba. Wata tara na yi ina tara kuɗi kafin na sayi amfilifaya da sifika biyu na ajiye a falo. Da su muke sauraron karatu bayan asuba, da su muke jin labarai da dare. Sanin halin wutar ƙasar nan ya sa ban jona su a bango kai tsaye ba. Na shiga kasuwa na ce da wani mai shago ina neman soket mai kare kaya daga bugun wuta. Ya miƙo min wani fari mai rami shida, an rubuta wat 3000 ɓaro-ɓaro a kwalinsa. Na ce, "Malam, zai ɗauki amfilifaya?" Ya ce, "Alhaji, wannan har firji sai ya ɗauka." Bai tambaye ni wace iri ba ce, bai tambayi nawa take ja ba.

Sati uku ke nan da aka ɗauke wuta da magariba, aka maido ta wajen sha ɗaya. Ƙara ɗaya na ji, sai ƙauri ya cika ɗakin. Amfilifaya ta mutu. Shi kuwa soket, jar fitilarsa na nan tana ci.

Da na kai wa mai gyara, sai ya kwance soket ɗin a gabana. Wallahi babu komai a ciki sai 'yan ƙarafa da siririyar waya da wannan fitila. Ɗan faifan nan mai kamar kwabo da ake kira baristo, wanda shi ne ke shanye bugun wuta idan ta yi tsalle, babu shi sam. Ƙafar filogi ta uku, wadda ya kamata ta kai wutar da ta yi yawa ƙasa, ba a ma haɗa ta da komai ba. Kallon kitse na yi wa rogo, kuma da gangan aka shirya kwalin don in yi hakan.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne bayanin da mai gyaran ya yi min cikin minti biyar, wanda hakkin mai shago ne ya yi tun farko. Lamba biyu ake dubawa, kuma ba aikinsu ɗaya ba. Ta farko nauyin da soket zai iya ɗauka. Wutarmu bolt 230 ce, filogi mai ƙafa uku kuma fis ɗinsa ba ya wuce amfiya 13 (amfiya ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya ne), idan ka ninka sai ka samu kusan wat 3000. Daga nan suke kwaso lambar su manna, ko da wayar ciki ba za ta jure rabin haka ba tare da ta yi zafi ba. Ta biyu ita ce jul, wato yawan bugun da baristo zai iya shanyewa kafin ya gaji. Wannan ce lambar kariya. A kwalin nawa ko alamarta babu.

Su ma masu sayar da kayan sauti ba su bar mu ba. Za ka ga an rubuta wat dubbai a gaban sifika da haruffan PMPO, lambar talla ce kawai. Ainihin wutar da na'ura ke ja yana jikin 'yar takardar da ke bayanta, kusa da inda waya ta shiga. Tawa wat 220 aka rubuta. Sai ka haɗa da na talabijin da dikoda, ka gwada jimillar da nauyin da soket zai iya ɗauka, ka bar sarari a sama, domin amfilifaya mai babbar tiransifoma tana fizgar wuta da yawa a daidai lokacin da aka kunna ta. Kada kuma a kuskura a jona dutsen guga ko hita a soket ɗaya da ita.

Ko da soket na gaskiya na samu, mai gyaran ya ce ba shi ke nan ba. Baristo na tare bugu ne na ƙiftawar ido, kuma kowane bugu na rage masa ƙarfi har ya daina aiki ba ka sani ba. Idan wayar nutural, wato wadda wuta ke komawa ta cikinta, ta tsinke a layin unguwa, wuta na iya haurawa kusan bolt 400 ta zauna a haka. Wannan sai na'urar da ke yanke wuta gaba ɗaya, ta kuma jira 'yan mintoci kafin ta sake saki. Rabin wutar nan da ake ba mu kuwa aikin sitabilaiza ne, ita ma sai an auna ƙarfinta da kayan.

To wa ke duba kwantenonin da ake shigo da waɗannan soket ɗin? Mu biya kuɗin wuta, mu sayi kariya daga wutar da muka biya, kariyar ma ta zama ta bogi! Na koma shagon da soket ɗin a kwance a hannuna. Mai shagon ya kalla, ya ce shi ma haka ya saro, kuma kayan wuta ba su da garanti. Amfilifayar tana wurin mai gyara har yau, ana neman kayan da suka ƙone a ciki ba a samu ba.