Kafin ka biya kuɗin jarrabawar Microsoft ko AWS, karanta wannan

Tun da aka ƙaddamar da 3MTT, shirin gwamnatin tarayya na horar da mutum miliyan uku kan fasahar zamani, a 2023, maganar koyon aikin kwamfuta ta shiga kowane lungu, kuma matasanmu da yawa sun duƙufa neman satifiket. Abin farin ciki ne ƙwarai. Sai dai akwai wata fahimta da ke cinye wa mutane kuɗi da lokaci, wadda ya kamata a gyara: ana ɗaukar satifiket ɗin Microsoft ko AWS (sashen gajimare na kamfanin Amazon) kamar digirin jami'a, ka karɓa sau ɗaya ka sa a firem ka rataye a bango. Manhajar da aka jarraba ka a kanta tana zaune ne a manyan kwamfutocin kamfanin da ya ƙera ta, wato abin da ake kira gajimare, kuma mai ita yana canja ta duk lokacin da ya ga dama, ba ya jiran yardarka. Abin da ka haddace bana, baɗi wani sashensa ya tashi daga aiki.

Ga misalai. A ranar 31 ga Janairu 2021 Microsoft ta yi ritayar MCSA da MCSE da MCSD, takardun da a da duk mai riƙe da su ake yi masa kallon gwani. Daga Oktoba 2022 ta fara rufe tsohuwar hanyar shiga imel ta suna da kalmar sirri zalla a Exchange Online, hidimar imel ɗinta ta kamfanoni, sai tsofaffin manhajojin imel na wayoyi masu amfani da POP da IMAP suka daina karɓar saƙo, ma'aikata suna ta sake buga kalmar sirri suna zaton sun manta ta. A 2023 Azure Active Directory, tsarin da ke kula da asusun ma'aikata da shigarsu, ya koma Microsoft Entra ID. A 2024 aka sanar da daina kula da tsofaffin umarnonin PowerShell na MSOnline da AzureAD, aka ce kowa ya koma Microsoft Graph. Duk wanda ke da rubutaccen umarni da yake ƙirƙirar asusun sababbin ma'aikata da shi, dole ya zauna ya sake rubuta shi. Google ma haka, G Suite ya zama Google Workspace a 2020.

Shi ya sa takardun suke da wa'adi, kuma wajibi ne ka san wa'adin kafin ka biya. Na Microsoft masu matakin Associate da Expert shekara ɗaya tak suke yi. Sabuntawar kyauta ce, a shafin Microsoft Learn, babu mai sa ido, kana iya duba littafi, kuma ƙofar tana buɗewa wata shida kafin ranar ƙarewa. Amma in ka yi sakaci ranar ta wuce, sai ka sake biya ka sake zana cikakkiyar jarrabawa. Na matakin Fundamentals, wato na share fage, irin su AZ-900 ta Azure (gajimaren Microsoft), ba sa ƙarewa. Na AWS shekara uku ne, haka CCNA na Cisco, haka A+ da Network+ da Security+ na CompTIA. Salesforce kuwa sau uku take fitar da sabon zubi a shekara, kuma tana buƙatar masu takardunta su riƙa kammala darussan sabuntawa a shafinta na koyo, Trailhead, in ba haka ba takardar ta faɗi.

To wanne za ka zaɓa? Ra'ayina a nan tsayayye ne. Kada ka tara takardun share fage. Mutum ya ci AZ-900, ya ƙara Cloud Practitioner na AWS, ya ƙara Cloud Digital Leader na Google, ya jera su a LinkedIn, alhali ukun duka abu ɗaya suke shaidawa: ya san sunayen kayan. Babu wadda ta nuna zai iya gyara imel ɗin kamfani da ya tsaya. Ɗaya ta isa, don ka saba da yanayin jarrabawar, daga nan ka wuce matakin aiki. Hanyar zaɓar kamfani kuma mai sauƙi ce. Tattara tallan guraben aiki kamar ashirin na irin wuraren da kake son shiga, bankuna ne, ƙungiyoyin agaji ne, ko kamfanonin sadarwa, ka ƙirga sunan da ya fi maimaituwa. In Microsoft 365 da Azure ne, AZ-104, jarrabawar mai kula da Azure, ita ce hanyarka. In kamfanonin ƙera manhaja kake hari, Solutions Architect Associate ta AWS ta fi dacewa: dala 150, tambayoyi 65, minti 130, ana cin ta da maki 720 cikin 1000. Wanda ya ci wata jarrabawar AWS ana ba shi rangwamen rabin kuɗi a ta gaba, don haka Cloud Practitioner mai dala 100 tana rage maka kuɗin ta biyun. Na Microsoft makin ci 700 ne, farashi kuma ya danganta da ƙasar da ka yi rajista.

Kafin duk wannan, in ba ka gane adireshin IP da yadda ake raba shi da yadda DNS, tsarin da ke fassara sunan shafi zuwa adireshin IP, ke aiki ba, tsaya ka koya. Ko ba za ka zana CCNA ko Network+ ba, karanta darussansu. Yawancin waɗanda ke faɗuwa a ɓangaren haɗa layuka (networking) na AZ-104, tushen ne babu.

Shiri yana farawa daga shafin jagorar jarrabawar a wajen kamfanin da kansa. Can za ka ga jerin abin da za a tambaya, da kason makin kowane sashe, da ranar da aka yi wa jerin gyara na ƙarshe. AZ-104 sassa biyar ce: asusun masu amfani da tsarin iko, ma'ajiya, kwamfutocin gajimare, haɗa layuka, sai sa ido da kulawa. Ka kwatanta ranar gyaran da ranar da aka ɗora bidiyon da kake kallo a YouTube. In malamin yana cewa Azure Active Directory, ka san darasin ya kwana biyu, maɓallan da yake nunawa ma wataƙila sun koma wani wuri. Haka in ya ce ka buɗe asusun gwaji kyauta a shirin Microsoft 365 Developer: tun 2024 aka taƙaita shi, ba kowa ake ba ba.

Inda ya kamata kaso mafi girma na lokacinka ya tafi shi ne aiki da hannu, kuma nan ne mutane ke ƙona kuɗi saboda rashin sani. Sabon asusun Azure yana zuwa da kyautar dala 200 ta kwana 30, ɗalibi mai imel ɗin makaranta kuma yana iya samun dala 100 ba tare da katin banki ba. Abu na farko da za ka yi bayan buɗe asusu shi ne ka sa kasafi da faɗakarwa, amma ka sani faɗakarwar saƙo kawai take turo maka, ba ta kashe komai. A Azure, in ka kashe kwamfutar gajimare daga cikin Windows ɗinta, mita na ci gaba da juyawa, domin injin yana nan a riƙe da sunanka. Sai ka danna Stop daga shafin Azure har ka ga an rubuta deallocated, kuma ko a hakan diski ɗinta ana cajinsa. A AWS ma diskin EBS yana cin kuɗi bayan ka tsayar da injin, kowane adireshin IPv4 na waje ana cajinsa dala 0.005 a awa tun Fabrairu 2024, NAT Gateway, ƙofar da injinan ciki ke bi su fita intanet, guda da aka manta da shi kuma yana haura dala 30 a wata ko da babu abin da ya bi ta cikinsa. Dabarar ita ce duk atisayen da za ka yi a Azure ka zuba kayansa a rukuni ɗaya (resource group), in ka gama ka goge rukunin baki ɗaya. A AWS ka duba yankin da kake ciki, don abin da ka kunna a yankin Virginia ba zai bayyana ba in kana kallon na Cape Town.

Ga mai son aikin kula da Microsoft 365, ga atisayen da nake ganin ya fi kowane kwas amfani. Sayi sunan shafi mai araha, ka buɗe gwajin wata ɗaya na Microsoft 365 Business Premium, ka kashe sabuntawa ta kai tsaye tun ranar farko don kada a cire maka kuɗi. Haɗa sunan da asusun, ka saita MX mai nuna inda saƙo zai sauka, sannan SPF da DKIM da DMARC masu tabbatar da cewa saƙon daga gare ka ya fito. Ka kula, SPF guda ɗaya ake yarda da shi ga kowane suna. In kamfani yana tura saƙo ta Microsoft kuma yana da wata manhajar tura rasit, wuri ɗaya ake haɗa su. Wanda ya rubuta biyu, saƙonninsa su riƙa faɗawa kwandon shara a wajen masu karɓa. Tun Fabrairu 2024 da Gmail da Yahoo suka tsaurara sharuɗɗa a kan masu tura saƙo da yawa, wannan aikin ya zama abin da ake nema ido rufe.

Daga nan ka gwada sallamar ma'aikaci. Ka ƙirƙiri mutum, ka tura masa saƙonni, ka sa fayiloli a OneDrive ɗinsa, sai ka ɗauka ya bar aiki. Tsarin da ya dace shi ne ka toshe masa shiga, ka fitar da shi daga duk na'urorin da ya shiga, ka mayar da akwatin imel ɗinsa na tarayya tun lasisin yana jikinsa, ka miƙa fayilolinsa ga shugabansa, sannan ka cire lasisin. Akwatin tarayya ba ya buƙatar lasisi matuƙar bai wuce 50GB ba. Wanda ya fara da cire lasisi ko goge asusun, kwana 30 gare shi kafin saƙonnin su ɓace. Atisaye na uku shi ne tabbatarwa mai mataki biyu da dokokin Conditional Access, masu gindaya sharuɗɗan shiga asusu. Duk sabuwar doka ka fara sa ta a yanayin rahoto kawai, kuma ka ware asusun gaggawa da dokar ba ta shafa ba. Mai kula da tsari ya rubuta doka ta kulle kowa har da shi kansa, abu ne da ke faruwa, kuma buɗewa sai an bi layin tallafin Microsoft.

Maganar tambayoyin sata da ake rabawa a Telegram ba ta buƙatar dogon bayani. Karya yarjejeniyar da ka amince da ita ne, ana ƙwace takarda a kai har a haramta wa mutum sake zanawa, kuma amsoshin cikinsu da yawa kuskure ne ko sun tsufa. Microsoft Learn yana da gwajin kai kyauta na manyan jarrabawoyinsa, yi amfani da shi. Wanda ya ci da haddar amsa, tambaya biyu a zauren intabiyu ta isa ta tona shi.

Ranar jarrabawa, zaɓi biyu ne ta hannun Pearson VUE, kamfanin da ke gudanar da jarrabawar: cibiya ko gida. Ga wanda wutarsa da intanet ɗinsa ba su da tabbas, shawarata ya tafi cibiya ko da zai yi tafiya zuwa wani gari. A gida za ka ɗauki hoton fuskarka da katin shaidarka da kusurwoyin ɗakin, teburi ya zama fayau, babu takarda, babu waya kusa, babu allo na biyu. Ba a yarda ka karanta tambaya da ƙarfi ba, ba a yarda ka fita daga idon kyamara ba, in yaro ya turo ƙofa ya shigo mai sa ido yana da ikon soke jarrabawar, kuɗin kuma ya tafi. In dole a gida ne, ka yi gwajin na'ura a kwamfutar da layin da za ka yi amfani da su, a daidai irin lokacin, batir a cike, injin wuta ko sola a kunne tun kafin a fara. Sunan da ka yi rajista da shi ya zama daidai da na katinka. Wannan yana cin mutanenmu sosai: Muhammad a kati, Mohammed a rajista, ko sunan uba ya riga naka a ɗaya. Gyara shi kwanaki kafin ranar. AWS tana ƙara minti 30 ga wanda Turanci ba harshensa na gado ba ne, amma sai ka nema a asusunka kafin ka zaɓi rana, ba a ƙarawa bayan an yi rajista. In aka faɗi, AWS kwana 14 ake jira. Microsoft awa 24 a karo na farko, daga nan kwana 14, kuma ba a wuce sau biyar a shekara.

Bayan cin jarrabawa ne ainihin bibiyar take farawa, kuma ba ta da wahala in an mayar da ita al'ada. A shafin kula da Microsoft 365 akwai Message center, inda ake sanar da abin da za a canja ko a rufe da ranar da zai faru. Kunna taƙaitawar mako ta riƙa zuwa imel ɗinka, ka ware awa ɗaya a mako, ka fara da sanarwar da ke da wa'adin ɗaukar mataki. Ka sa kanka da mutum biyu ko uku a sahun masu fara ganin sababbin canje-canje, don ka riga sauran ma'aikata gani.  AWS tana da shafin What's New, amma kada ka ce za ka karanta komai, bi hidimomin da kake taɓawa kawai. Shugabannin ma'aikatu kuma, wannan awar ɗaya aiki ce, ku bar wa ma'aikacinku ita cikin lokacin ofis, don mai bibiyar ne zai hango rufewar da za ta tsayar muku da imel.

Abu na ƙarshe da ake yawan tuntuɓe a kai: ka yi rajistar jarrabawar da imel ɗinka na kanka, kada ka yi da na ofis ko na makaranta. Ranar da ka bar wurin aka rufe asusun, tarihin jarrabawarka yana iya tafiya da shi, saƙon tunatarwar sabuntawa ma can zai riƙa zuwa ba ka gani. Ranar da sakamako ya fito, ka sa tunatarwa biyu a kalandar wayarka, ɗaya ranar da ƙofar sabuntawa za ta buɗe, ɗaya wata guda kafin wa'adin ya cika.