Ranar da igwar Edinbara ta kwantar da ni

Ɗan yayata da ke karatu a Edinbara, babban birnin Sikotlan, shi ya dage lallai sai ya kai ni fada kafin in koma gida. Ni kuwa da na ji an ce fada, sai na yi shirin fada. Na zaro babbar rigata ta shadda wadda ta sha bugu, na kafa hular zanna, na yi wanka da turare. Yaron ya fito cikin wata rigar leda mai haɗe da hula, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kawu, a haka za ka?" Na ce masa ƙofar sarki ba a zuwanta da kayan shan iska. Ya ce to, Allah ya ba da sa'a.

Fadar a kan dutse take, a tsakiyar gari. Tsohon dutse ne mai aman wuta da ya mutu tun fil azal, gefensa uku a miƙe suke ƙyam, ta gabas kaɗai ake shiga. Muna isa filin da ke gaban ƙofa iska ta karɓe mu. Ta shiga ta hannun rigata na dama ta fita ta na hagu, ta cika ni fam, ta soma tura ni inda ba nan na nufa ba. Da hannu ɗaya nake dafe da hula, ɗayan kuma yana kokawa da shadda, Turawa na ta kaucewa suna murmushi. Na ce a raina ba komai, ganin girma ne.

Da muka shige ƙofa na soma raba ido, ina dogarai, ina fadawa, ina zauren da ake zama. Na rage murya na tambayi yaron ta ina ake bi a kai gaisuwa. Ya ce, "Kawu, rabon da wani sarki ya kwana a gidan nan tun 1633." Na yi shiru ina lissafi. Wato gidan da mai shi ya tashi kusan shekara 400 na ci wa wannan uban ado, har da kuɗin shiga.

Amma dai akwai abin kallo, ba zan ci haƙƙinsu ba. Mun bi layi muka shiga ɗakin kayan sarauta, ga kambi, ga sandar mulki, ga takobi. Kambin an ƙera shi yadda yake a yanzu a 1540, kuma da waɗannan kayan aka naɗa Sarauniya Meri a 1543 tana jaririya 'yar wata 9. Na ce wa yaron lallai masu zaɓen sarki na wancan zamani ba su da tsoron surutu. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, bayan an haɗe Sikotlan da Ingila sun zama ƙasa ɗaya a 1707, sai aka zuba kayan a akwati aka kulle, aka toshe ɗakin, ba a sake buɗewa ba sai 1818. Shekara 111 zinariya na kwance, da aka buɗe aka tarar da komai cif. Ba wanda ya ce ɓera ya ci, ba wanda ya ce gobara. Na daɗe tsaye ina jinjina wannan al'amari har na bayana suka fara gyaran murya. Kusa da nan akwai wani ɗan ƙuntataccen ɗaki inda Meri ta haifi ɗanta Jemis a 1566, wanda daga baya ya haɗa sarautar Ingila da ta Sikotlan a 1603. Ni da rigata muka cika ɗakin, sai da na fito wasu suka samu shiga.

Daga nan muka hau can ƙololuwa, wajen wani ɗan ƙaramin coci da aka gina wajen 1130, wanda ya fi kowane gini tsufa a birnin. A gabansa aka girke wata shirgegiyar igwa mai suna Mons Meg. Nauyinta tan 6, kyauta aka yi wa sarkinsu da ita a 1457, kuma harsashinta mulmulallen dutse ne mai kilo 150, ga wasu nan an tara a gefenta. Bakinta ya isa yaro ya shige ya kwanta. Na tambaya ko tana aiki. Yaron ya ce ta fashe tun fiye da shekara 300 da suka wuce, ranar da aka harba ta don karrama wani ɗan sarki. Hankalina ya kwanta, har na shafa ta.

Sai ya ja ni bakin katanga ya ce in leƙa ƙasa. Wani ɗan lambu ne, ciyawa shar, an jera ƙananan duwatsu masu rubutu. Na ce kaburburan 'ya'yan sarki ne? Ya ce a'a, na karnukan sojoji ne, tun ƙarni na 19 ake binne su a nan, kowane da sunansa. Na ƙara leƙawa don in tabbatar da idona. Kare, da kushewa, da suna, da mai yanke masa ciyawa! A daidai lokacin na lura mutane sun taru a wani fili da ke ƙasa da mu, kowa na duba agogo. Na ɗauka wani babba ake jira. Yaron ya ja da baya, ya ɗaga waya ya ce, "Kawu, tsaya a haka, kar ka motsa, wurin ya yi kyau."

Na gyara tsayuwa, na saɓa riga a kafaɗa, na saki fuska.

Daram!

Duk wanda ya tashi a inda na tashi ya san in ka ji irin wannan ƙara ba a tsayawa tambaya. Ban san lokacin da na kai ƙasa ba. Na dai tsinci kaina rub da ciki a gindin Mons Meg, na lulluɓe kai da shadda, ina salati da ƙarfi, ina ƙwala wa yaron kira ya kwanta. Abin da ke raina shi ne tsohuwar igwar nan da aka ce ta mutu ta farfaɗo, kuma ni ne na shafa ta. Na jira ƙara ta biyu, shiru. Sai tafi na ji, raf raf raf. Na ɗaga gefen riga na leƙo da ido ɗaya, sai ga takalman wata tsohuwar Baturiya dab da hancina, ta sunkuyo tana tambaya ko a kira mini likita. Ɗan yayata kuwa ya jingina da katanga, hawaye na zuba, wayar na rawa a hannunsa, amma bai sauke ta ba.

Ashe kullum haka suke yi. Ƙarfe 1 na rana daidai soja ke harba igwa daga fadar, ban da Lahadi da ranar Kirsimeti da Juma'ar da ke gaban Ista, kuma tun 1861 ake yi. Asalin abin don matuƙan jiragen ruwa ne da ke tashar Lis, su saita agogonsu. Da can wata ƙwallo ake saki daga saman hasumiya a kan wani tudu idan 1 ta yi, to garin hazo ne, ran da ya sauko ba mai ganin ƙwallo, shi ne aka ce a haɗa da abin da kunne zai ji. Na tambayi wani ma'aikacin wurin, ina kakkaɓe gwiwa, me ya sa ba 12 ba. Ya ce da 12 ne ai sai an harba sau 12, albarushi kuwa da kuɗi ake sayensa. Su da kansu suke wa kansu wannan tsiya ta maƙo. Da a tsaye na ji ta da na yi dariya.

Sai na ji iska na ratsa tsakar kaina. Na shafa, ba hula. Muka duba nan, muka duba can, yaron ya leƙa katanga ya sake fashewa. Hulata tana can ƙasa, ta zauna daram a kan dutsen wani kare, ko karkacewa ba ta yi ba. Wurin kuma ba a shiga, daga sama kawai ake kallo. Haka na tsaya kai ba hula, masu yawon buɗe ido suna ɗaukar hoton marigayin da sabuwar hularsa, har aka samo mai mabuɗi ya shiga ya ɗauko. Ya miƙo mini da hannu biyu cikin ladabi. Na karɓa da yatsa biyu, na rasa hukuncinta, na cusa a aljihu sai na tambayi malamai.

Muka gangaro ta titin da suke kira Royal Mile, wanda ya miƙe daga wannan fada zuwa ɗaya fadar ta Holirud. A bakin hanya ga wani ƙato sanye da buje mai gidan dara, ya rungume salka a hammata yana busa, sautin sak algaitar ƙofar sarki ranar hawan sallah, sai dai shi ba ya kumbura kumatu sosai, salkar ke masa aikin. Shi kaɗai ne ya yi mini kama da fada a ranar, na jefa masa fam ɗaya. Gaba kaɗan, kusa da babban cocin Sen Jayils, na ga mutane na tofa yawu a kan wani zanen zuciya da aka yi da duwatsu a ƙasa. Nan ne ƙofar tsohon kurkukun garin da aka rushe a 1817, tofin kuma ya zama al'ada. Ni da tun saukata ƙasar nake haɗiye yawu don tsoron tara! Na tsaya na sauke nauyin da ke kaina, yaron na ja mini riga yana cewa sau ɗaya ake yi.

A Holirud ma mai gidan, wato sarkin Birtaniya, ba ya nan, mako guda yake zuwa ya yi a farkon bazararsu. Aka nuna mana ɗakin da aka daddaɓa wa sakataren Meri wuƙa a 1566, na ce wa yaron na ƙoshi da tarihi, ya nema mana inda za mu yi azahar mu ci shinkafa.

Muna cikin ci wayata ta soma ƙugi ba ƙaƙƙautawa. Bidiyon ya riga ya isa zauren WhatsApp na dangi, har wani ya ɗora masa kiɗa. Sai ga saƙon murya daga Yaya, uwar yaron. Na ce yawwa, yanzu za a ci masa mutunci. Na kunna a gabansa, na ƙure ƙara. Dariya ce ta fara fitowa, doguwa, har da tari, sannan ta ce, "Don Allah ku koma gobe ya sake, wannan bai ɗauko fuskarka da kyau ba."