Buɗewar jijiya ba ita ce warkewa ba

Tun shekarar 2015, lokacin da manyan gwaje-gwaje biyar, ciki har da MR CLEAN na ƙasar Holan, suka tabbatar da amfanin zaro gudan jini daga babbar jijiyar ƙwaƙwalwa, jinyar shanyewar ɓarin jiki ta sake salo. Likita yakan zura siririn bututu ta jijiyar matsematsi ko ta wuyan hannu har ya isa inda jinin ya toshe, sannan ya kamo gudan ko ya zuƙo shi. Da aka haɗa sakamakon gwaje-gwajen a 2016, an ga kashi 46 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa aikin suna iya kula da kansu bayan kwana 90, alhali waɗanda aka ba magani kawai ba su kai kashi 27 ba.

Wannan ci gaba ne babba, amma abin da ya dame ni shi ne yadda ake gaggawar kiran aikin nasara da zarar hoto ya nuna jini ya wuce. A ma'aunin TICI, wanda likitoci ke auna yawan jinin da ya koma ƙwaƙwalwa da shi, idan jini ya koma aƙalla rabin yankin da ya rasa shi, akan rubuta cewa an dace, ko da yake wanda jininsa ya koma gaba ɗaya ya fi samun sauƙi. Kuma ko babbar hanya ta buɗe, ƙananan jijiyoyin da hoton ba ya nunawa sukan ci gaba da toshewa saboda kumburi da ɓurɓushin gudan, kamar gonar da aka buɗe wa madatsa amma kwalbatocinta cike da laka. Shi ya sa nake ganin gwajin CHOICE na Sifaniya a 2022 ya cancanci kulawa, domin can an ƙara maganin narkar da jini a cikin jijiyar bayan an zaro gudan, aka kuma ga alamar ƙarin sauƙi, duk da cewa majinyatan ba su da yawa.

Jinin da ya dawo ma yana da nasa haɗarin, tun da jijiyar da ta galabaita tana iya tsiyaya. Ana iya zaton sauke hawan jini sosai zai hana wannan, sai dai gwajin ENCHANTED2/MT na China ya nuna cewa sauke lambar sama ta awon hawan jini ƙasa da 120 bayan aikin ya ƙara wa majinyata nakasa.

Ma'aunin da ya dace, a ra'ayina, shi ne ko mutum zai kai loma bakinsa da hannunsa, ya yi alwala ba tare da an riƙe masa buta ba. Wannan kuwa ya danganta ƙwarai da lokaci, domin an ƙiyasta ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 1.9 ne ke mutuwa kowane minti, kuma jini ba ya tayar da naman da ya riga ya mutu. Iyalin da suka ga bakin mahaifinsu ya karkace da asuba, suka tsaya shafe-shafe da jiƙe-jiƙe har la'asar, sun cinye mafi yawan abin da bututun likita zai iya cetowa.