Wa ya san sunan Baba Soja?

A tsakiyar ɗan garin da nake zaune a arewacin Ingila, daidai inda hanyar kasuwa ta haɗu da ta coci, akwai wani dogon dutse da aka sassaƙa aka kafa. Na yi wajen shekara biyu ina wuce shi safe da yamma ban taɓa tsayawa ba, a zatona ado ne kawai irin na Turawa. Sai ranar da mota ta ɓata mini lokaci a gefensa na duba da kyau, na ga ashe sunaye ne jere reras. Samarin garin ne da suka tafi yaƙin duniya na farko ba su dawo ba, a ƙasa kuma an ƙara na waɗanda yaƙi na biyu ya ci. Akwai inda sunan gida ɗaya ya fito sau uku a jere. Ko ciki ɗaya suka fito, ko 'ya'yan wa da ƙani ne, gida ɗaya dai aka yi wa wannan rashi.

Duk Lahadi ta biyu a watan Nuwamba garin yakan fito ya kewaye dutsen nan. Tsofaffin sojoji da lambobinsu a ƙirji, wasu a keken guragu, 'yan makaranta, limamin coci, masu shaguna, har da mata masu tura jarirai. Ƙarfe 11 na cika a busa begila, kowa ya yi tsit na minti biyu, domin a daidai wannan sa'a ce aka tsagaita wuta ranar 11 ga Nuwamba, 1918. Tun 1919 suke wannan shiru. Kusan kowa ka gani da ɗan jan fure na takarda a wuyan riga, wanda ƙungiyar tsofaffin sojojinsu da aka kafa a 1921 ke sayarwa, kuɗin ya tafi ga 'yan mazan jiya da iyalansu. Abin da ya fi taɓa ni shi ne karanta sunayen. Ɗaya bayan ɗaya ake kiransu da ƙarfi, kurtu da hafsa duk ɗaya, alhali duk wanda ya san fuskokin na yaƙin farko ya daɗe a ƙasa.

Da na bi diddigi sai na tarar abin yana da dalili. Gwamnatinsu ta yanke cewa ba za a dawo da gawar kowa gida ba, inda soja ya faɗi a Faransa ko Beljiyam nan za a binne shi. Iyaye suka rasa kabarin da za su ziyarta, sai garuruwa suka yi karo-karo suka kafa duwatsun da kansu. Ga shi kuma a farkon yaƙin an riƙa haɗa samarin gari ɗaya a bataliya ɗaya, don abokai su tafi tare. Garin Accrington ya ɗanɗana kuɗar wannan tsari: ranar 1 ga Yuli, 1916, a fagen Somme da ke Faransa, cikin mutum kusan 720 na bataliyarsu da suka fita, sama da 580 aka kashe, ko aka jikkata, ko suka ɓata. A duk faɗin Ingila da Wales, ƙauyuka hamsin da 'yan kai ne kawai aka ƙirga da duk mazansu suka dawo da rai. Kuma al'adar ba ta tsaya a kan yaƙin kakanni ba. Daga 2007 zuwa 2011, duk lokacin da aka sauke gawar soja daga Iraƙi ko Afganistan, mutanen wani ƙaramin gari mai suna Wootton Bassett sukan bar abin da suke yi su jeru a bakin titi har motar ta wuce. Ba wanda ya umarce su.

Ni kuwa duk shekara, cikin shirun nan na minti biyu, mutum ɗaya ne ke faɗo mini a rai. Wani tsoho ne a unguwarmu da muke kira Baba Soja. Yakan zauna a ƙofar gida da wata tsohuwar rigar kaki, in ya ga dama ya ba mu labarin yaƙin Bama, da daji mai duhu da rana tsaka, da ruwan da ba ya ɗaukewa. Mu yara dariya muke yi, mu ƙame masa mu sara, mu ruga. Manya ma ba su ɗauke shi da wani nauyi ba. Sai da na girma na gane ashe gaskiya yake faɗa. Runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma sun yi yaƙi da Japanawa a kwarin Kaladan da yankin Arakan, inda mota ba ta shiga sai dai a ɗauki kaya a ka, kuma a Janairun 1945 suka karɓe garin Myohaung. Bataliya uku na sojan Najeriya sun shiga bayan layin abokan gaba tare da wata rundunar Ingila ta musamman mai suna Chindit a 1944. Kafin nan, a 1941, sojojinmu na cikin waɗanda suka kori Italiyawa daga Mogadishu. Hausa ce harshen bariki a zamanin, har Turawan hafsoshi sai da suka koya.

Kada a ce ba a tuna komai ba. Barikin Chindit na nan a Zariya, na Dalet a Kaduna, na Myohaung da na Arakan a Legas, na Bukavu a Kano yana tuna aikin Kwango. Akwai barikin Maimalari a Maiduguri, da na Chari Maigumeri a Lokoja. Amma a duba da kyau, yawanci sunayen fagen fama ne da na manya, kuma duk a bayan katanga suke, inda farar hula ba ya shiga sai da dalili. Wanda ya wuce ƙofar Chindit kullum a kan babur bai san me kalmar ke nufi ba, ko da kuwa kakansa na cikinsu. Ranar tunawa da sojoji ma muna da ita, 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Shugaban ƙasa ya ajiye furanni a Abuja, gwamnoni su ajiye a jihohinsu, a harba bindiga, a saki tattabaru, a nuna a talabijin. A gaban wurin tunawa da sojan da ba a san ko wane ne ba ake yin duk wannan, kuma a ganina nan gizo ke saƙa. Turawan nan su ma suna da kabarin sojan da ba a sani ba a Landan, amma bayan shi kusan kowane ƙauye yana riƙe da sunayen nasa. Mu kam a kan na farkon muka tsaya.

Na san dalilan da za a kawo, kuma wasunsu suna da ƙarfi. Aikin soja bai shigo ƙasar Hausa da farin jini ba. Rundunar nan da ta je Bama, ita ce dai a 1903 ta fasa ganuwar Kano ta ci Sakkwato a ƙarƙashin Turawa, kuma da yawa daga masu riƙe da bindigogin Hausa suke ji. Ba abin mamaki ba ne in kakanninmu suka ɗauki kaki aikin wanda ya rasa madafa, suka yi wa soja kirari da birgimar hankaka. Amma wannan hujja ta ƙare a 1960. Me za a ce game da waɗanda suka mutu a yaƙin basasa, da waɗanda suka tafi Laberiya da Saliyo a ƙarƙashin rundunar kiyaye zaman lafiya ta ECOMOG, da yaran da ake binnewa yau daga Sambisa da bakin tafkin Chadi da dazukan Zamfara? Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali, da aka kashe a Malam Fatori a 2016, an san shi kuma ya cancanta. Ba shi kaɗai ya faɗi a daren ba. A tambayi mutum goma sunan ɗaya daga cikin sauran a gani.

Dalili na biyu na addini ne, cewa mu ba mu kafa gumaka, ba mu gina kabari, mamaci addu'a yake buƙata. Na yarda, ni ma ban nemi a sassaƙa mutum-mutumi ko a busa begila a ƙofar masallaci ba. To addu'ar fa, wa za a yi wa in ba a san sunansa ba? Mu ne fa mutanen da ke jero sarakunan Kano tun daga Bagauda, maroƙi ya tsaya ya lissafa kakannin mutum bakwai ba tuntuɓe, 'yan dambe da mafarauta ma an san kirarinsu shekaru bayan sun kwanta dama. Riƙe suna sana'armu ce, sojan ne dai ba mu ga ya isa a riƙe nasa ba. Ba sai an jira Abuja ba. Littafi guda a hannun mai unguwa ko dagaci ya isa a fara, a bi gida-gida a rubuta wa ya tafi, wane yaƙi, ya dawo ko bai dawo ba. A rubuta sunayen a bangon makarantar gari, liman ya ambace su a Juma'ar da ta fi kusa da 15 ga Janairu. Littafin nan kuma shi zai nuna inda matan da aka bari da marayu suke, kafin a kai ga tsofaffin da ke jigilar takardun fansho.

Su ma Turawan ba wankakku ba ne a wannan magana. A 2021 hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi na ƙasashen renon Ingila ta amsa da bakinta cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a yaƙin farko, galibinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu ba ko kuma ba a tuna da su ba sam, kuma adadin zai iya kaiwa 350,000. Gwamnati ta nemi afuwa a majalisa. Ranar da na karanta labarin raina ya ɓaci ƙwarai, na yi ta faɗa ni kaɗai a ɗaki.

Da na huce sai na kira Yaya a waya, na ce don Allah ya tuna mini sunan Baba Soja na yanka. Ya yi shiru, ya ce bari ya tambayi Inna. Inna ta tuna sunan matarsa, ta tuna 'yarsa da aka aurar can wajen Gusau, ta tuna shekarar da ya rasu, wai shekarar da aka yi fari. Da aka zo kan sunansa sai ta ce ita dai tun da aka kawo ta unguwar amarya, Soja ta ji ana ce masa.