Ba harsashi ne ya kashe jariran Maigoma ba

Duk sanda aka kawo labarin yaƙin Sudan, lissafin da ake ba mu shi ne mutum nawa bam ya kashe. Ni kuwa waɗanda ba sa shiga lissafin ne suke hana ni sukuni.

Ku dubi gidan marayu na Maigoma a Khartum. Faɗa ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF masu jayayyar mulki da su ran 15 ga Afrilun 2023, ana tsakiyar azumi. Kafin Mayu ya ƙare, yara sama da 50 sun rasu a gidan, da yawansu jarirai. Me ya faru? Masu reno ne suka kasa fitowa aiki saboda ruwan wuta a kan titi. Jinjiri kuwa duk bayan awa biyu ko uku sai an ɗauke shi an riƙe masa bulumboti, ga ɗaruruwan yara a hannun 'yan tsirarun da suka rage. Wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya, ga zafin Khartum da ke haura digiri 40. Sai zazzaɓi, sai ƙarewar ruwa a jiki. A watan Yuni Red Cross ta kwashe kusan 300 zuwa birnin Wad Madani. Disamba na zuwa RSF ta shiga Madanin, aka sake gudu da su.

Haka babban asibitin haihuwa na Omdurman, wanda mutanen can suke kira Dayat, ya rufe a farkon yaƙin. To naƙuda tana jiran a tsagaita wuta ne? A wajen awo ake gano hawan jinin mai ciki tun bai zama jijjiga ba. Babu awo, sai dai a gan ta tana taune harshe cikin dare, ba mota, ba jinin ƙari, ba mai yin tiyata. Firjin allurar rigakafi ma da zarar janareta ya mutu sai ya tsaya, ƙyanda ta samu hanya.

Shi ya sa nake jin haushi idan masu sulhu suka zauna a Jidda, ko masu tara gudummawa suka tsaya kan buhun hatsi kaɗai. Hatsi dole ne, ban musa ba. Amma a sa albashin ungozoma da mai reno a gaba, da man janareta, da hanyar da za su bi su isa wurin aiki ba a tare su a shinge ba. Kuma 'yan uwanmu Hausawan Madani da Mai Wurno suna cikin masu neman wannan awon.