Ranar da kafasita ta tona min asiri

Har yanzu in na shafa gemuna sai in ji kamar da sauran takardar nan a ciki, wallahi.

Kun dai san ɗan bod ɗin amfilifayar, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, da na dame ku da zancensa, mai cif TPA3116 ɗin nan da bai wuce tafin hannu ba amma ana ce masa wat 50 sau biyu. Guda biyu na samo iri ɗaya, na ce ɗaya a bar shi yadda ya zo, ɗaya in yi masa aiki. Ciwonsa shi ne shiiii ɗin da yake yi ko ba a sa komai ba, don masu haɗa shi sun ƙure masa ƙarfin ɗaga sauti, alhali cif ɗin mataki huɗu gare shi, desibel 20, 26, 32 da 36, rasista biyu, 'yan abubuwan da ke rage gudun wuta, su ne kawai ke zaɓa, sai na canza su na sauko da shi 26. Ƙananan kafasitocin bakin shigar sauti, wato 'yan abubuwan nan masu ajiye wuta, na cire na sa irin waɗanda ake kira na fim. Dare uku ina shaƙar hayaƙin dalma, ɗan yatsa ɗaya ya sha ƙuna. Manyan na ɓangaren wuta, masu maikrofarad 2200, su ne na ƙarshe, ina cikin liƙa su mutane suka fara ƙwanƙwasa ƙofa, ban ko gwada ba na hure na rufe kwali.

Mu biyar ne a ɗakin. Na ce wa ƙanen matata ya jona gyararren, ni kuma na ja kujera tsakiyar sifiku biyun, na ce kowa ya yi shiru, har fanka na kashe. Waƙa ta fara. Jama'a, na rufe ido. Na rufe ido na ɗaga yatsa ɗaya sama kamar mai jiran saƙo. Na ce kun ji? Kun ji yadda muryar ta fito fes kamar mai waƙar ya tofar da abin da ke bakinsa? Na ce ku saurari bes ɗin nan, da can lagwab yake zuwa kamar an jefa jiƙaƙƙen tsumma a ƙasa, yanzu dubi yadda yake tsayawa cak, wannan aikin manyan kafasitocin ne. Na sa aka maido waƙar baya har sau uku don su ji wani ɗan kiɗa a gefen hagu da na rantse ban taɓa jinsa ba sai yau. Mutum biyu suna ta gyaɗa kai, Allah ya saka musu, ɗaya har ya ce lallai akwai bambanci. Da waƙar ta ƙare wani ya ce shi fa yana ɗan jin shiiii, na ce masa kunnenka ne malam, a je a wanke.

Sai mutumin naku, kun san wanda nake nufi, ba sai na faɗa ba. Mutumin da ya ari mitata ta awon wuta wata takwas ya dawo da ita batir ya mutu, wayar awo ɗaya babu, da na tambaya ya ce ai haka na ba shi. Mutumin da yake jin waƙa da sifikar wayarsa wadda ta fashe tana zizzz kamar ƙuda a kwalba, kuma in ka yi magana ya ce duk sauti sauti ne. Ban ma gayyace shi ba fa, biyo wani ya yi, ya zo ya zauna a kan akwatin kayan aikina, tun da aka fara bai ce uffan ba sai danna waya. To shi ne ya miƙa ƙafa ya taɓa kwalin da ke ƙasan tebur ya ce, “Injiniya, wannan mai manyan gwangwanayen ba shi ka ce ka gyara ba? Na ga wayarsa a ƙasa.”

Yatsana yana sama har lokacin. Na sauke shi a hankali. Na leƙa. Wanda ban taɓa ba shi ke aiki, yadda ya fito daga leda, minti goma sha biyar ina yi masa kirari. Ƙanen matata ya ce, “Yaya ai kwalayen iri ɗaya ne,” wanda ya ce lallai akwai bambanci kuma sai ya koma kallon silin.

Na ce to ai gara da aka yi haka, kun ji na banzan, yanzu za ku ji na gaske. Na jona da kaina, na buɗe kwalin don su ga aiki, na soka cajar laftof mai volt 19, na sunkuya kansa ina nuna musu da bakin sukuddireba. Ko daƙiƙa goma ba a yi ba sai tau! Ita irin wannan kafasitar tana da zane a gefe mai nuna ƙafar negatif, in ka juya ta sai ta yi zafi ta kumbura ta fashe ta saman nan da aka tsaga mata, to ɗaya na juya a garin sauri. Hayaƙi, wari mai hawa kai, ga wata takarda kamar auduga ta watsu a fuskata. Ɗakin ya yi tsit, sai mutumin ya ce, “Wannan kam na ji bambanci.”

Da mitata na da wayoyinta biyu da ƙila na auna kafin in soka, amma bari dai. Bod ɗin yana cikin durowa, cif ɗin ina jin bai mutu ba, ban dai duba ba. Ɗayan nake ji yanzu, shiiii ɗin yana nan. Jiya ma mutumin ya aiko wai in ba na amfani da abin liƙa dalmar nan yana so zuwa Asabar.