A ba 'yan kasuwa asibiti da makaranta? Ai mu tuni kowa ke saya da kuɗinsa

Shekaranjiya muna waya da yayana, shi yana gida ni ina nan Ingila, sai ya ce min shi fa ya gaji, gara kawai gwamnati ta tattara asibitoci da makarantu har ma da 'yan sanda ta miƙa wa 'yan kasuwa kowa ya huta, ai ka ga yadda GSM ta raba mu da wahalar NITEL. Ban ga laifinsa ba wallahi, duk wanda ya taɓa kama layi a asibitin gwamnati tun asuba har azahar bai ga likita ba dole ya faɗi haka. Amma na ce masa Yaya ka yi haƙuri, a nan kam ban bi ka ba.

Maganar waya gaskiyarsa ce. Tun 2001 da kamfanonin suka shigo abin ya canza, amma me ya sa? Saboda in layi ya dame ka cire sim ɗin kawai za ka yi ka saka wani, kamfani ya san haka shi ya sa yake lallaɓa ka. To wanda aka kinkimo ƙarfe biyun dare numfashi na sama-sama, wane ciniki zai tsaya yi, wane asibiti zai tsaya zaɓa?

Ni na ga wannan da idona. Bara cikin sanyi zazzaɓi ya rufe ƙaramar 'yata cikin dare, muka kai ta sashen gaggawa, mun daɗe a zaune ba zan ɓoye ba, kusan awa biyar a kan kujerar roba tana kwance a ƙirjina, amma daga shigarmu har fitarmu ba wanda ya ce min ina kuɗi, sunanta da ranar haihuwa da adireshi kawai aka tambaya. Bai fi wata biyu ba ƙanwata ta kira ni daga gida tana kuka, an kai mijinta wani asibitin kuɗi sun ce ba za su taɓa shi ba sai an ajiye kuɗin gado, ina tsaye a wurin aiki hannuna na rawa ina ƙoƙarin tura kuɗi ta waya, shi kuma yana kwance a benci yana jiran alat ya shiga.

Kuma kar a ɗauka NHS ɗin nan, wato hukumar lafiya ta gwamnati a nan Ingila, kyauta ce ko aljanna ce. Daga haraji ake biya, kowane wata sai an yanka a albashinka, mu baƙi har da ƙarin kuɗin lafiya muke biya wajen biza. A 2023 layin masu jiran magani a Ingila ya haura miliyan 7, samun likitan haƙori ma aiki ne. Sai dai tun 1948 da ministan lafiya Aneurin Bevan ya kafa ta, ƙa'idar ita ce ana duba ciwonka ne ba aljihunka ba, kuma duk ƙorafin da Turawan nan ke yi a kanta ka ce a sayar ka ga yadda za su taso maka.

Su ma fa sun gwada sayarwar a wasu wurare. A 1989 zamanin Firaminista Thatcher aka sayar da kamfanonin ruwa, yau ga Thames Water mai ba Landan ruwa bashi ya yi mata katutu, ana ta rigima kan ƙazantar da ake zubawa a koguna, kuma ba ka da damar canza kamfani don bututu ɗaya ne ya shigo gidanka. An ba G4S, wani kamfanin tsaro mai zaman kansa, kwangilar tsaron wasannin Olamfik na Landan na 2012, ta kasa kawo isassun masu gadi sai da aka jawo sojoji. Gidan yarin Birmingham ma da ke hannunta gwamnati ta karɓe a 2018. Aikin sa ido kan waɗanda aka sallama daga kurkuku an ba kamfanoni wani sashe a 2014, abin ya lalace, a 2021 aka dawo da shi gaba ɗaya. Abin da nake so Yaya ya lura da shi, duk inda ɗan kasuwa ya ɓata a nan akwai gwamnati mai ƙarfi a bayansa da za ta bincika ta ci tara ta ƙwace. Mu wa zai ƙwace? A 2013 aka raba wutar NEPA aka miƙa wa kamfanonin rarrabawa 11, yau shekara nawa, har yanzu unguwa ce ke haɗa kuɗi in tiransifoma ta ƙone, ga bil na ƙiyasi ana kawowa ko an ga wuta ko ba a gani ba.

Ni abin da ya fi ci min rai ma shi ne mu ai an riga an sakar mana komai ba tare da wata sanarwa ba. Mai hali ya haƙa rijiyar burtsatse, ya sa sola ko janareta, ya kai yara makarantar kuɗi, ya ɗauki maigadi. Sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye. A 2022 ASUU ta yi yajin aiki wata takwas, 'ya'yan masu kuɗi suna jami'o'in kuɗi suna karatunsu, na talaka suna gida. Tsaro kuwa ba a magana, ɗan sanda yana riƙe wa matar babban mutum jaka, can ƙauye kuma mutane na karo-karo su biya 'yan sa-kai, kuma mun ga irin jinin da hakan ya jawo a wasu wurare don wanda ka biya ya riƙe bindiga kai zai kare, ba maƙwabcinka ba.

Ban ce a rufe asibitin kuɗi ko makarantar kuɗi ba, a nan ma akwai su, mai so ya je. Na ce ne na gwamnati ya tsaya da ƙafarsa tukuna. A 2001 a Abuja shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 na kasafi ga lafiya, a garinmu na tarayya aka sa hannu, gwamnatin tarayyar ba ta taɓa kaiwa nan ba. Da na faɗa wa Yaya haka sai ya yi shiru, can ya ce to shi dai wata mai zuwa kuɗin makarantar yara uku ke jiransa, in da hali in ɗan taimaka.